Koriyar Motar da Aka Ce Ni Na Karya

Ni dai ba ni na karya motar nan ba. Na faɗa ina 'yar shekara tara, da hawaye da majina, babu wanda ya saurare ni. Yanzu ga furfura ta fara leƙowa ta bakin ɗankwalina, kuma har gobe maganata ke nan.

Babanmu ma'aikaci ne a Samaru, a wani ɗakin gyara inda masu binciken noma ke kai na'urorinsu idan sun lalace. Wani Bature da suka yi aiki tare, da ya tashi komawa ƙasarsu, ya bar masa kwali guda. A ciki akwai baƙin titi na roba, gunduwa-gunduwa, idan an harhaɗa shi a ƙasa sai ya yi siffar lamba takwas. Tsaga biyu ne suka bi titin daga farko har ƙarshe, kowace da siririn ƙarfe hagu da dama mai ɗauke da lantarki. Sai motocin tsere biyu, ja da koriya, kowace ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. A ƙarƙashin hancin kowace akwai ɗan harshe da ke shiga tsagar, shi ke riƙe ta a kan hanya. Ka riƙe totur a hannu, ka danna da babban yatsa, mota ta zabura. Ka cika dannawa a kwana, ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin kujera.

Sau biyu kacal a shekara ake sauko da kwalin daga saman kabad, ranar Kirsimeti da ranar Ista, bayan an taso daga sujada an ci abinci. Yaran layinmu, Kirista da Musulmi, su cika baranda har taga. Ja ta Yayana ce, shi ne babba, shi ne kuma namiji tilo a gidan. Koriya tawa. Kuma cin sa nake yi. Wannan ba cika baki ba ne, kowa a layin ya sani. Shi danna totur yake yi kamar mai kashe kyankyaso, ni kuwa na san inda ake sassautawa.

Ni ce kuma 'yar gaban teburin Baba. Yana da tebur a ɗan ɗakin baya inda yake gyara wa maƙwabta rediyo da dutsen guga. Ni ke riƙe masa waya idan zai ɗiga dalma, ni ke ware masa noti ƙanana da manya a murafan kwalba. Yaya yana can filin ƙwallo, ko sunan sukundireba bai dame shi ba. Duk duniya babu inda nake so kamar ɗan kujerar nan ta gefen Baba.

Istan shekarar da na cika tara gidanmu cike yake da baƙi. Fasto ya zo, abokan aikin Baba sun zo da matansu, ga kawunmu daga ƙauye. Baba ya sauko da kwali yana ta yi musu bayani da fara'a. Ya buɗe. Sai ga koriya kwance a gefe guda, gilashinta ya fita, harshen ya karye, ɗaya daga tayoyin gaba babu, kan ɗan direban da ke ciki ya guntule, jikin ya tsage daga ƙofa har baya. Baba ya ɗaga ta ya jujjuya, sannan ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Yaya, yana ɗan shekara goma sha uku a lokacin, ko ƙifta ido bai yi ba ya ce, "Jiya na gan ta ta hau kujera tana taɓa kwalin."

Kuma na hau ɗin. Nakan hau in shafa kwalin kawai in sauka, don ɗokin gobe. Da aka tambaye ni na ce e, na hau, amma ban buɗe ba. Wa zai ji ƙarshen maganar? Baba ya zare bel a gaban Fasto, a gaban matan nan masu gwaggwaro, ya zane ni tas. Da ya gama ya kama hannuna na dama ya ɗaga sama ya ce, "Hannun nan naki ba na gyara ba ne, na ɓarna ne. Kada in sake ganinki a gaban teburina."

Zafin bel kwana uku ya yi. Maganar ce ta zauna daram. Mama ta roƙe shi har ta gaji. Ya ɗora Yaya a kan kujerata, shi kuwa ko wata biyu bai yi ba ya gudu, yau kayan gini yake sayarwa a Sabon Gari. Ni kuma don tsabar haushi na je na koyi aikin da ya fi na Baba ƙanƙanta, na zama mai haɗa haƙoran roba. In mutum ya rasa haƙori, ni ke sassaƙa masa wani, in daidaita launi da tsawo har matarsa ba ta gane wanne ne na Allah. Duk da haka sunan bai bar ni ba. Kofi ya fashe a gidanmu, ko ina makarantar kwana, sai Yaya ya ce, "Ina mai hannun ɓarna?" Ranar da dangin mijina suka zo gaisuwa, a gabansu ya ce, "To sai ku ɓoye tangaran ɗinku." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Allah ya sani ranar ban ci abinci ba.

Shekara uku da suka wuce idon Baba ya tafi gaba ɗaya. Mama ta riga ta rasu. Yaya ya zo da a-kori-kura wai zai rage kaya a ɗakin baya don kada Baba ya yi tuntuɓe. Ya kwashe kwalin ya kai gidansa, ya ɗora jar motar a shogilas na falonsa, tsakanin farantan biki da furen roba, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ya ce, "Gadon gidanmu ke nan." Ni aka bar wa shara. Ina cikin shara na ci karo da wani tsohon gwangwanin madara a bayan ƙafar tebur. Na zazzage shi. Tsatsattsun noti, guntayen waya, da koriyata.

Washegari da safe na kai ta teburin aikina a gida, a Hanwa. Ba da niyyar gyara ba, kallo kawai nake so in yi. Na wanke ta da ruwan ɗumi da tsohon buroshi, na kunna fitila, na jawo madubin da nake duba aiki da shi. Ina juya ta, sai idona ya faɗa kan gefen jikin, can ƙasa da ƙofa, inda jiki ya haɗu da ƙashin motar. Akwai 'yan ramuka biyu a jere, da fili a tsakaninsu. Ta ciki kuma wasu huɗu ƙanana. Na ajiye madubin, na goge ido, na sake ɗauka.

Shekara ashirin da wani abu ina kallon haƙoran mutane. Na san cizo idan na gan shi. Wani ne ya so ya raba jikin motar da ƙashinta ya leƙa ciki, bai san akwai noti a ƙasa ba, ya sa haƙori ya ɓanɓara kamar mai buɗe kwalbar lemo, har abin ya tsage a bakinsa. Haƙoran sama biyu, da wushirya mai faɗi a tsakani, na hagu ya ɗan karkace. Ni ba ni da wushirya. A gidanmu mutum ɗaya ne ke da ita, kuma da ita yake washe baki duk lokacin da ya kira ni mai hannun ɓarna.

Tabɗijam! Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Na yi ƙwafa har maigidana ya leƙo daga tsakar gida ya ce lafiya. Na nuna masa. Ya duba ya girgiza kai ya ce, "To ai ya wuce, ki bar wa Allah." Na ce masa shekara arba'in ke nan na bar wa Allah, yanzu kuma Allah ya miƙo mini abin a hannu, ba zan mayar ba.

Da na so, a ranar zan hau Keke in dira a shagon Yaya in tara masa jama'a. Amma na san shi. Dariya zai yi, ya ce ɓera ne, ya ce na fara taɓuwa. Kuma ba mutanen kasuwa nake so su ji ba. Baba nake so ya ji, tun yana da rai, ya janye maganar nan da bakinsa, Yaya kuma yana tsaye yana saurare. To yaya za a nuna wa makaho shaida? Sai dai ya taɓa da yatsa. Kuma ba zan kai masa gawar mota ba. Na ci alwashin sai ta tashi ta yi gudu, da hannun nan da aka ce na ɓarna ne.

Na fara da injin. Ɗan abu ne da bai fi kan babban yatsa ba, tsatsa ta cinye shi, wayar tagullar da aka naɗa a ciki ta ƙone. Na kai wa wani dattijo mai naɗin kwail ɗin fanka a kasuwar Sabon Gari. Ya ɗora a tafin hannunsa, ya dube ni, ya dubi yatsunsa masu kauri, ya ce, "'Yata, wannan sai dai aljani." Amma ya yi mini kirki, ya ba ni waya siririya kamar gashi, ya nuna mini yadda zan warware tsohuwar ina ƙirga zagaye, in mayar da sabuwa daidai da haka. Sau biyu waya tana tsinkewa ina gab da gamawa. A karo na biyu na yi jifa da hantsaki har ya kafe a labule. A na uku na ɗora batir, injin ya yi zirrr a hannuna, na ji har cikin raina.

A ƙasan motar an buga wata lamba, daga baya na gane ma'anarta. Komai na jikinta kashi ɗaya ne cikin talatin da biyu na motar gaske. To ni ba na aikin kusan-kusan. Haƙori in ya fi ɗan'uwansa tsawo da kaurin takarda, mai shi ba zai iya tauna tuwo ba. Na ɗauki tef ɗin tela na tafi garejin makanikai, na sami wata tsohuwar mota da aka ɗora a kan duwatsu, na shiga gwada sitiyari, da madubin gefe, da bakin salansa. Makanikai suka bar aiki suka kewaye ni. Ɗayansu ya ce, "Madam, riga za ki ɗinka mata?" Na ce e, ta biki, in an gama zan ɗinka maka taka. Na rubuta awona na dawo gida na raba kowanne gida talatin da biyu.

Daga nan sai aikin ya koma irin wanda na sani. Harshen da ya karye, na sassaƙa shi da kakin da muke gwajin haƙori, na yi masa mazubi, na zuba robar da nake yin dasashi da ita. Ya fito ruwan hoda, kalar dasashin mutum sak, na ce ba komai, a ƙasa yake. Gilashin ne ya wahalar da ni. Akwai wata farar leda mai kauri da nake yi wa masu cizon haƙora cikin barci kariya da ita, sai a gasa ta ta yi laushi a danna a kan mazubi. Na gasa, ta kumbura. Na sake, ta yi hazo. Na sake, ta ƙone ta cika gida da wari har maigidana ya kwashi tabarmarsa ya koma ƙofar gida. Sai a ta shida ta fito garau, ta zauna a gurbinta ɗas.

Taya kuwa wajen masu sayar da kayan gyaran mota na samu. Akwai 'yan zobban roba baƙaƙe da ake sa wa famfon mai, na yi ta gwadawa a kan wilin motar har na sami huɗu da suka kama. Mai shagon ya gaji da ni, ya ce in ɗauka in tafi. Na ɗora su a injin gogen haƙori, na cinye bayansu da samfefa har suka yi faɗi suka kwanta a ƙasa sosai. Salansa da allurar sirinji na yi, guda biyu, na yanke na lanƙwasa. Sitiyari da wayar ɗaurin haƙora. Fitilun gaba, wajen wata tela na roƙo duwatsun leshi biyu farare. Shi kuma ɗan direban da aka guntule wa kai, na sassaƙa masa sabo, da hular kwano da tabarau, na yi masa baki a tsuke. Ban ga dalilin da zai yi murmushi ba.

Fenti ne na ƙarshe. Wajen jikin ya koɗe, amma ta ciki, inda rana ba ta taɓa ba, koren yana nan yadda yake. Na kai wa mai fentin mota, ya haɗa mini a murfin kwalba, muna gwadawa muna ƙarawa har ya zo ɗaya. Tsagar nan da ta tashi daga ƙofa zuwa baya na like ta, na cike, na goge har farce ba ya jin ta. Lambar da ke jikin ƙofa na sake zana ta da buroshin da na aske ya rage gashi kaɗan. Wata bakwai ina wannan aiki, duk ranar Asabar da duk yammacin da ba ni da mai jira. Wuri ɗaya ne ban cike ba, ban goge ba, ko fenti ban bari ya shiga ba. Cizon nan na bar shi yadda mai shi ya bar shi.

Saura bakin Yaya. Nan ma ban sha wahala ba. Turamen haƙoransa biyu sun fita tun bara waccan, yana ta damuna in yi masa na roba, ni kuma ina ta yi masa hanya-hanya. Na kira shi a waya da murya mai daɗi na ce, "Yaya, ka zo gobe in gwada bakin nan, ka daina tauna da gefe ɗaya." Ya zo da sassafe har da tsarabar lemo.

Na zaunar da shi, na kwaɓa ƙullun da muke ɗaukar siffar baki da shi, na cika ɗan farantin gwaji na tura masa a baki. Don turame biyu ba sai na ɗauki bakin duka da irin wannan kulawa ba, amma na danna gaban nan sosai. Minti uku abin ke bukata ya kama. Na bar shi ya fi goma. Yana zaune baki cike, yawu na dalala a kan tawul, ido ya yi ja, ni kuwa na jawo kujera na zauna a gabansa na ce, "Yaya, ka tuna Istan nan da aka zane ni?" Ya ce, "Umm." Na ce, "Ka tuna abin da ka faɗa wa dangin mijina?" Ya ce, "Umm, umm," yana nuna bakinsa da yatsa. Na ce, "Yi haƙuri, bai kama ba tukuna." Kai, na ji daɗin wannan safiya.

Da ya tafi na zuba farin siminti a mazubin. Haƙoran Yaya suka fito a tafin hannuna, sama da ƙasa. Shekaru sun ɗan cinye bakinsu, amma wushirya tana nan, karkataccen nan na hagu yana nan. Na ɗauko motar, na kai gefenta bakin simintin. Suka shige cikin ramukan suka zauna, ko motsi babu.

Da Kirsimeti ta matso na ce wa Yaya ya kawo kwalin gidan Baba, tsoho ya ji ƙarar abin ko da ba zai gani ba. Ya yarda da sauri, don yana son a ce shi ne mai tunawa da Baba. Har yake gaya mini ya sa an goge jar motar, ya shafa wa tayoyinta man takalmi suna ƙyalli. Na ce, "Ka kyauta, ƙara musu ma."

Ranar, bayan sujada da shinkafa, aka share barandar gidanmu ta Samaru. Matar Yaya tana nan, maigidana yana nan, ga 'yan'uwa da maƙwabta. Aka fito da Baba aka zaunar a kujerarsa. Yaya ya durƙusa da ƙyar, da tumbinsa da babbar riga, ya harhaɗa titi, ya jona wuta. Ya ɗora ja, ya danna totur. Tayoyin nan da suka sha man takalmi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, mota na kuka ba ta tafiya. Da ƙyar ta ja jiki, a kwanar farko ta zame ta kife.

Sai na buɗe jakata na fito da koriya na ɗora a ɗaya tsagar. Yaya ya saki baki. Na danna a hankali. Ta tashi sumul, ta sha kwana, ta haye gadar da ke tsakiyar takwas ɗin, ta dawo, duwatsun leshin nan suna walƙiya. Na ƙara mata wuta. Baranda ta ɗauki ihu. Baba ya karkato da kunne ya ce, "Wannan ba ƙarar ja ba ce. Wace ce wannan?"

Na ce, "Koriya ce, Baba."

Ya ce, "Kawo ta nan."

Na sa masa a hannu. Yatsun nan nasa da suka tsufa suka shiga bin ta, ba gaggawa. Ya shafa gilashi, ya ƙwanƙwasa da farce. Ya murza taya ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ta ya taɓa harshen, ya bi inda tsagar take a da, ya koma ya sake bi, bai same ta ba. Ya ce, "Wa ya yi aikin nan?" Na ce ni ce. Ya ce, "Har naɗin injin?" Na ce har shi. Yatsansa ya ci gaba da tafiya, har ya faɗa cikin ramukan nan. Nan ya tsaya.

Na fito da haƙoran siminti na sa masa a ɗaya hannun. Na ɗaga murya yadda na bayan taga ma zai ji, na ce, "Baba, wannan bakin ɗanka ne, ni na ɗauka da hannuna. Gwada shi a wurin nan da yatsanka yake." Yaya ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Haba, abin yara, shekara nawa yanzu?" Ba wanda ya taya shi. Matarsa ta dubi haƙoran siminti, ta dubi bakinsa, shi kuwa ya yi maza ya rufe leɓe. Ya yi tsuru-tsuru a durƙushe, gumi na bin wuyansa. Wannan kallon na jira shekara arba'in, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi mini daɗi ƙwarai.

Amma Baba bai gwada ba. Ya ajiye simintin a cinyarsa ya ce, "Ba sai na gwada ba. Na sani."

Na ce, "Ka san me, Baba?"

Ya ce, "Tun ranar na ga wurin. Da idona, lokacin ina da su. Ina ɗaga motar na gani."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce, "Ka gani, ka zane ni?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Fasto yana zaune, ga abokan aikina. Ya riga ya yi ƙarya a gabansu. In na tona shi, an ce ɗana namiji, magajina, maƙaryaci ne, abin zai bi shi. Ke kuwa yarinya ce, na ce za ki manta." Ya ƙara da cewa, "Da na faɗi maganar hannun nan kuma, sai na kasa janyewa. Kullum in na gan ki sai in ce gobe."

Duk jawabin da na shirya wa Yaya, wata bakwai ina bitarsa ina goge roba, ya bi iska. Ko kallonsa ban sake yi ba. Ashe shi ƙaramin mai laifi ne. Yaro ne ya ji tsoro ya yi ƙarya. Babban yana zaune a kujera, da motata a hannunsa, mutumin da na yi shekara arba'in ina neman in wanke kaina a wurinsa, alhali bai taɓa zargina ba ko na minti ɗaya.

Ya miƙo hannu yana lalube inda nake, ya ce, "Hannunki ya fi nawa. Ki yafe mini, 'yata."

Baranda duka aka zuba mini ido. Ranar Kirsimeti ce, tsoho ne, makaho ne, ubana ne, kowa ya san amsar da ake bayarwa. Wata maƙwabciya har ta fara cewa, "Allah sarki, ai ta yafe." Na ce mata, "Mama, bakina yana nan, ban ba ki aro ba." Na zare motata daga hannunsa, na naɗe ta a hankici, na sa a jaka. Na ce wa maigidana ya tashi mu tafi.

Haƙoran Yaya na gama su tun tuni, suna cikin kofi a kan teburina. Bai zo karɓa ba, ni kuma ban aika ba, yana can yana tauna da gefe ɗaya.

Baba kuwa ban fasa masa komai ba. Duk Lahadi in an taso daga sujada ina hawa mota zuwa Samaru da kular tuwo da miyar kuka, wadda yake so. In share ɗakinsa, in yanke masa farce, in ɗiga masa magani, in wanke masa hannu in ɗora a bakin kwano. Kuma duk Lahadi, kafin ya kai loma ta farko, sai ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina ya ce, "Kin yafe?" Lahadin da ta wuce ma ya tambaya. Na ce masa, "Baba, ci, tuwon zai huce."